Ranar da Suka Auna Kaka

Asabar, 4 ga Mayu

Yau na je gidan yari. Ni kaɗai.

Da can Gwaggo ce ke kai wa Kaka abinci duk Asabar, don ƙanwarsa ce. Amma tun da ta zame a banɗaki ƙugunta ya ƙi, ko tsakar gida ba ta iya ƙetarewa. Baba yana kan hanya da babbar mota kamar kullum. Saura ni. Mama ta zuba shinkafa a kula, ta ɗaure da ƙyalle, ta ce, "Ki miƙa, ki gaida shi, ki juyo. Ba hira aka aike ki ba." Sai ka ce ni ce mai hira.

Kaka mahaifin Mama ne. Shi ya kashe mahaifiyarta, matarsa. Lokacin Mama tana da cikina. Kotu ta ce a rataye shi, amma har yau ba a yi ba, yana can yana jira. To, na rubuta. A gidanmu ba a faɗar wannan. Mama "mutumin" take ce masa. Tana dafa masa abinci, amma ba ta taɓa taka ƙofar wurin ba.

A bakin ƙofa akwai wata gandiroba mace, mai jiki, tabarau a kan hanci. Ta buɗe kular, ta caccaka shinkafar da cokali har ƙasa, sannan ta miƙo min cokalin ta ce in ci. Haka dokarsu take, duk wanda ya kawo abinci sai ya ɗanɗana a gabansu. Ni da ko a makaranta sai na juya baya nake cin abu. Lomar ta tsaya min a wuya. Ta ce, "Haɗiye mana, ko sai na bubbuga miki baya?" Mutanen layi suka yi dariya. Na ji kamar in nutse.

Ɗakin ganawa dogo ne, da ragar waya a tsakiya, kowa yana ɗaga murya don nasa ya ji shi. Na zaci zan ga ƙato. Sai ga wani ɗan tsoho, kunnuwansa sun fi ƙarfin fuskarsa, haƙoran gaba babu. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke ce ta wajen 'yar tawa?" Na gyaɗa kai. Ya tambayi jikin Gwaggo, na gyaɗa kai. Ya tambaya ko a bas na zo, na gyaɗa kai. Sai ya ce, "Kai, wannan aku ta cika min kunne!" Ya yi dariya har da tari.

Ni ban yi ba. Ban san ko ya halatta ba.

Lahadi, 5 ga Mayu

Mama ba ta tambaye ni komai ba. Kular kawai ta buɗe, ta ga wayam, ta wanke.

Laraba, 8 ga Mayu

'Yan ajinmu sun wuce da safe cikin kayansu na sakandare. Na laɓe a bayan labule. Ni jarrabawa ta kayar da ni, sai baɗi. Wadda muke zama benci ɗaya ta waiwayo ta kalli tagarmu, ko kuma ni ce na ga kamar ta kalla.

Mama tana shagon ɗinki tun safe har magariba. Na share gida, na yi wanke-wanke, na sake sharewa. Agogon falo yana da ƙara idan ba kowa.

Asabar, 11 ga Mayu

A layi wata tsohuwa mai baƙar lema ta jawo ni inuwarta ba tare da ta tambaye ni ba. Ɗanta yana ɓangare ɗaya da Kaka, ɓangaren masu jira. Ta ce, "Wa kike da shi ciki?" Na ce kakana. Ba ta tambayi abin da ya yi ba. A layin nan ba a tambaya. Ta koya min dabara: in ɗebi kaɗan daga gefe, in kalli takalmin gandirobar, kada in kalli fuskarta. Ya yi aiki.

Inna mai lema tana da surutu, kuma ba ta jiran amsa. Na ji daɗin hakan.

Kaka ya ce, "Aku ta dawo." Ya ce shinkafar ta yi laushi kamar ta jarirai, wa ya gaya wa mai dafawa cewa haƙoransa sun zube? Na ce, "Ƙila Gwaggo." Ya dafe ƙirji, ya ce wa mutumin da ke gefensa, "Jama'a, ashe tana magana!"

Da za a tashe mu ya ce, "Tana lafiya?" Bai ce wa ba. Na ce lafiya lau.

Asabar, 18 ga Mayu

Kaka kafinta ne a da. Idan yana magana hannuwansa ba sa zama, sai shafa ragar suke kamar yana duba katako. Ya tambaye ni ko akwai ƙofar da ke kuka a gidanmu. Na ce ta kicin. Ya ce in samu busasshen sabulu in goga a ƙarfen da take juyawa a kai, in buɗe in rufe har ya shiga.

Na yi. Ta daina.

Mama ta dawo, ta tura ƙofar, ta tsaya. Ta ce, "Wa ya taɓa ƙofar nan?" Na ce ni. "Wa ya koya miki?" Ta buɗe, ta rufe, ta sake buɗewa. Sannan ta shige ɗaki ba ta ci abinci ba.

Talata, 21 ga Mayu

Babban yatsana irin nasa ne, gajere mai faɗi. Yau na lura ina tsintar shinkafa. Ban so ba.

Asabar, 25 ga Mayu

Wanda ke gefen Kaka yana ta rantse wa matarsa cewa sharri aka yi masa. Kaka ya matso da bakinsa jikin raga ya ce, "A gidan nan kowa bai aikata ba, sai ni."

Sannan ya daina wasa. Ya ce, "Aku, saurara. Kakarki ta ce ta gaji da fushina, za ta koma wurin yayarta. Guduma tana hannuna. Ba shaiɗan ba ne, ba tsautsayi ba ne. Ni ne. Duk wanda ya gaya miki wani abu daban, ƙarya yake yi miki."

Ban tambaye shi ba fa. Me ya sa zai ɗora min?

A bas na wuce tasharmu ban sani ba, sai da na dawo a ƙafa. Da a ce fuskarsa ta mugaye ce, da abin ya fi min sauƙi. Mutumin da ya san maganin kukan ƙofa.

Alhamis, 30 ga Mayu

Bayan magariba Mama tana kalmasa bakin wata riga da hannu, rediyo yana yi. Aka ce manya sun sa hannu a kan hukuncin wasu daga cikin masu jira, za a zartar. Aka kuma ce za a yi wa wasu tsofaffi da marasa lafiya afuwa. Ba a faɗi suna ko ɗaya ba. Allura ta soke Mama, ta sa yatsan a baki, ta kashe rediyon.

Can sai ta tashi ta buɗe akwati, ta fito da kayanta na fita, masu ruwan toka, ta goge su, ta rataye a ƙusar bayan ƙofa. Ba ta kalle ni ba ta ce, "Jibi ina da ɗinkin mutane. Asabar ta sama zan bi ki. Akwai abin da zan tambaye shi kafin su..." Ba ta ƙarasa ba.

Shekara goma sha nawa rabonta da shi.

Asabar, 1 ga Yuni

Yau komai ya bambanta!

Inna mai lema ba ta zo ba, na tsaya a rana. Amma da na kai ƙofa gandirobar ta buɗe kular ta rufe, ba ta caccaka ba, ba ta ba ni cokali ba. Ta ce, "Wuce, 'yata." 'Yata fa! Kuma ba ɗakin raga aka kai ni ba. Wani ƙaramin ɗaki ne da tebur da benci biyu da taga a sama. Aka shigo da Kaka. Ba waya a tsakaninmu. An yi masa aski, rigarsa wankakkiya. Yana ƙamshin sabulu.

Ya ce an canza masa ɗaki, shi kaɗai yake yanzu, har da katifa. Likita ya zo ya duba ƙirjinsa, ya ɗora shi a sikeli, ya auna tsawonsa. "Na ce masa, likita, riga za ku ɗinka min? Ai 'yata tela ce." An kuma tambaye shi ko akwai abin da yake sha'awar ci, ya ce ayaba, aka kawo masa. Ya ɓoye min ɗaya a aljihu. Ta yi baƙi, amma na ci. A gabansa na ci, ban juya baya ba.

Sai abin da rediyo ya faɗa ya faɗo min. Tsofaffi da marasa lafiya! Wa ya fi shi tsufa a can, wa ya fi shi tari? Ai shi ya sa likita, shi ya sa aski, don kada ya fito ana cewa sun wulaƙanta shi. Ban tambaye shi ba, kunya ta hana ni, amma na kasa riƙe fuskata. Ya kalle ni ya ce, "Yau kuma murnar me ake?" Na ce ba komai. Ya yi kamar zai ce wani abu, sai ya fasa, ya ce in riƙa tsayawa a inuwa, na yi baƙi.

Daga tasha da gudu na zo gida. Da Mama ta dawo ban bari ta ajiye jaka ba. Na faɗi katifa, na faɗi likita, na faɗi ayaba. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka ba a rayuwata. Na ce, "Mama, sakinsa za su yi!"

Na zaci ko ba ta yi murna ba za ta sauke ajiyar zuciya. Sai fuskarta ta ɗaure. Ta ce, "Saki." Ta zauna a bakin kujera. "Su sake shi ya fito ya sha iska. Ita kuma wa zai sako min ita?"

Ta tashi ta sauke kayan daga ƙusa, ta ninke, ta mayar akwati. Ta ce, "Wanda zai mutu na ce zan je gani. Wanda zai rayu ya nemi inda zai zauna, ban da gidan nan."

Lahadi, 2 ga Yuni

Gidan ya fi da shiru. Ban san hakan zai yiwu ba.

Laraba, 5 ga Yuni

Na je na gaya wa Gwaggo. Ta yi kuka, ta ce a share masa ɗakin kaya, a fitar da wani tsohon keke da ke ciki. Ni na share. Akwai gizo-gizo da yawa.

Baba ya kira daga hanya, layin yana yankewa. Ya ce, "Ke dai ki bar uwarki ta huta, kin ji ko?" Na ce to. Ya ce me zai sayo min, na ce ba komai.

Ina ta tunanin ko daidai ne in yi murna. Idan na yi, kamar na ci amanar Mama. Idan ban yi ba, sai in tuna ayabar. Ba wanda zan tambaya.

Asabar, 8 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Inna mai lema tana bakin ƙofa, amma ba a layi ba. Tana zaune a kan dakali, lemar a rufe, ba kula a hannunta, sai wata leda da takalmi a ciki da bargo. Na gaishe ta. Don in faranta mata na ce, "Inna, za su saki kakana. Har likita ya auna shi."

Ta ɗago ta kalle ni. Ta ce, "Sun ɗora shi a sikeli?" Na ce e. "Sun ba shi ɗaki shi kaɗai? Sun daina sa ki ɗanɗana?" Na ce e.

Ta kamo hannuna ta zaunar da ni. Ta ce, "'Yar nan, wanda za a saka ba a auna shi. Buɗe ƙofa kawai ake. Awon na igiya ne, don su san tsawon da za su sa. Nawa ma haka suka yi masa, ni ma na je gida ina rabon albishir." Ta ɗaga ledar. "Ga kayansa nan, yau suka ba ni."

Inna mai surutu. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ban san yadda na shiga ba. Kaka yana ganina ya ce, "Wa ya gaya miki?" Sai hawaye suka zubo min. Ya ce, "Ranar na ga fuskarki ta washe, na ce bari in bar miki ita mako guda. Ban san ko na kyauta ba."

Na ce bai kyauta ba. Haka na ce masa, kai tsaye. Na ce Mama ta goge kaya za ta zo yau, ni na je na ce mata sakinsa za a yi, ta mayar da su akwati. Na ce ta ce wanda zai mutu kawai za ta zo gani.

Sai kuma ya fara dariya a hankali, har tarin ya taso, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Uwarta sak. Wallahi uwarta sak." Ya goge fuska da hannun riga. "Ta goge kaya, kika ce?" Na ce e. Ya ce, "To, ai wannan ma wani abu ne. Kada ki matsa mata, Aku. Ba ni da wannan hakkin."

Da zan fita gandirobar ta ja ni gefe, ta cire tabarau. Ta ce su ba a gaya musu rana, su ma ba sa gaya wa kowa. Amma an yarda da ganawa guda a cikin mako, ta ƙarshe, mutum ɗaya kacal. Ta ce, "Kada ku jira Asabar."

Lahadi, 9 ga Yuni

Na gaya wa Mama jiya da yamma. Ta ce, "Wancan mako saki, wannan mako rataya. Wanne zan ɗauka a bakinki?" Na ce Inna mai lema ce ta faɗa. Ta ce, "Wace ce kuma Inna mai lema?" Ta ci gaba da yankan albasa.

Na san ta yarda. Albasar da ta yanka ta ishi gida uku.

Mutum ɗaya. Zan iya zuwa ni. Ba wanda zai hana ni, na san hanya, gandirobar ta san ni. Ina so in je. Ban ce masa sai wata rana ba jiya, kuka kawai na yi na fito kamar sakarya.

Amma ni ba ni da tambaya. Ita ke da ita. Kuma ni na mayar da kayan nan akwati, da bakina.

Litinin, 10 ga Yuni

Na je shago.

Ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Kekuna huɗu suna ta ƙara, ga mai shago a teburin yanka da almakashi, ga wata mata ana gwada ta. A shagon ba wanda ya san Mama tana da uba a raye. Ta ce musu marainiya ce.

Na tsaya a gaban kekenta. Ta ce, "Lafiya? Me ya ƙone?" Ba ta daina takawa ba. Na ce a hankali, "Mama, ki je." Ta yi kamar ba ta ji ba. Sai na sa hannu na riƙe ƙafar keken ta sama, wadda ke juyawa. Ta goge min tafin hannu, zare ya tsinke.

Na ce, "Babanki za su rataye a makon nan. Ni na yi kuskure, ba shi ba. Ki je ki yi tambayarki."

Da ƙarfi ya fita. Ban nufa ba. Duk kekunan suka tsaya. Matar da ake gwadawa ta sauke hannuwanta. Mai shago ya ce, "Subhanallahi," ya ajiye almakashi.

Mama ta miƙe. Na rufe ido ina jiran mari. Bai zo ba. Ta ce, "Kin gama tona min asiri? Wuce gida."

Na wuce.

Da ta dawo ta wuce ciki kai tsaye. Na ji ƙarar murfin akwati daga ɗaki.

Talata, 11 ga Yuni

Mun je.

A bas ta zauna jikin taga, ni a gefenta. Ba ta san inda ake sauka ba, ni na taɓa ta. Ba ta san ƙofar da ake bi ba, ni na shige gaba. Abin ya yi min wani iri, in ga Mama tana bina a baya.

Gandirobar ta kalle mu ta ce, "Mutum ɗaya." Na ce, "Ita." Mama ta tsaya kamar an kafe ta. Gandirobar ta ce, "Zo, 'yar'uwa, ba nisa." Ta shiga. Ba ta waiwayo ba.

Na zauna a dakalin da Inna ta zauna. Yau ba ranar ziyara ba ce, ba layi, ba masu sayar da ruwa. Wata akuya ce kawai take cin takarda a jikin bango. Na so in ce wa Mama ta gaya masa wani abu daga wurina, amma ban samu abin ba sai da ƙofar ta rufe. Yanzu ma ban tabbata mene ne ba.

Ba ta daɗe sosai ba. Ta fito idonta a bushe, amma ta ɗaura ɗankwalinta a karkace, abin da ba ta taɓa yi.

Sai da muka yi nisa a bas ta ce, "Ya tsufa." Can kuma ta ce, "Kada ki ɗauka na yafe. Ban yafe ba." Na ce to. Ban tambayi abin da ta tambaye shi ba, ko ya ba ta amsa. Nata ne.

Kusa da tasharmu ta kamo hannuna, ta juya shi, ta kalli inda keke ya goge. Ta ce, "Ki shafa mai." Ba ta saki ba har muka sauka.

Laraba, 12 ga Yuni

Ba labari. Duk ƙarar waya sai in ajiye abin da ke hannuna.

Alhamis, 13 ga Yuni

Sun kira da hantsi. Yau da safe ne, suka ce. Ina can ina wanke kofuna ban sani ba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Baba ya iso a kan lokaci. Shi da mai shago da wasu maza kaɗan suka je suka karɓo shi, aka yi masa sallah, aka kai shi. Ban zaci mai shago zai zo ba. Mama ma ba ta zata ba.

An ɗauko Gwaggo a kujera. Tana ta cewa, "An share masa ɗaki fa." Na fita waje.

Maƙwabta ba su san gaisuwar da za su yi ba. Wasu sun shigo sun ce Allah Ya ba da haƙuri, wasu sun wuce kamar ba su ga takalma a ƙofa ba. Wata ta ce wa wata a bakin famfo, "Alhakin matar ne ya kama shi." Na ji. Ba ƙarya ta yi ba. Duk da haka na ji haushinta.

Talata, 18 ga Yuni

Baba ya koma hanya. Mama ta koma shago. Agogo.

Asabar, 22 ga Yuni

Ba inda zan je yau. Mama ma ba ta fita ba, ta ce kanta yana ciwo, amma na gan ta tana warware wani tsohon ɗinki a falo. Na zauna a ƙasa ina tsince mata zaren.

Sai kawai na ji na ce, "Mama, yaya take?" Ta ce wa. Na ce, "Mamarki."

Tun da nake ban taɓa tambaya ba. Ko a nan ban rubuta komai game da ita ba sai yadda ta mutu, kamar iyakar abin da ta yi a duniya ke nan.

Mama ta ci gaba da warware ɗinkin, har na ce na sake ɓatawa. Sai ta ce doguwa ce, mai wushirya. Wai tana tsoron kaji. Babbar mace, idan kaza ta shigo kicin sai ta hau kan tebur tana kiran yara su zo su cece ta. Wai ba ta iya raɗa ba, idan ta yi gulma har gida na uku ake ji. Mama ta kwaikwayi muryarta, ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ta ci gaba da ba da labarin a hakan. Har rana ta bar taga tana yi. Shinkafa ta kama a tukunya, ba wanda ya tashi.

Na yi tambayoyi. Ba da yawa ba. Wataƙila da ɗan yawa.

Yanzu mutum biyu nake kewa, kuma ɗaya shi ya raba ni da ɗayar. Ban san yadda ake riƙe wannan ba. Mama ma na ga ba ta sani ba. Ta ce gobe za ta nuna min yadda ake zura zare a keke, idan ina so, tunda dai na iya tsayar da shi.

Na ce zan duba. Ina jin zan je.